Am Shadli da Baƙin Jirgin Talata

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ajiye motata a bayan ta Am Shadli a bakin tashar jiragen ruwa ta Halƙul Wadi, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a gari na tsinta ba. Sunana Zubair, ni ne direban mota ta huɗu. Shi yake jan ta ɗaya, kuma tun kafin a ɗauke ni aiki shi yake jan ta. “Am” muke ce masa, wato baffa, don girmamawa.

A unguwar Kram aka haife shi, tafiyar minti goma daga tashar. Mahaifinsa masunci ne, ya so ɗansa ya gaje shi, amma Shadli ko ƙafa ya ɗora a kwalekwale sai cikinsa ya juya. Sau uku aka gwada shi aka haƙura. Ya koyi tuƙi a motar yashi, daga baya ya sami katin ɗaukar baƙi 'yan yawon buɗe ido. Haka ya yi rayuwarsa duka yana ci daga jiragen ruwa bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Gajere ne mai kauri, da farin gashin baki. Idan ya kama sitiyari ba ya magana. Motarsa kuwa ba ya yarda kowa ya wanke masa. Duk abin da ya iya a harsunan baƙi shi ne “a hankali”, ya iya faɗarsa da yare huɗu, saboda matakalar motar tana da tsawo kuma yawancin baƙinmu tsofaffi ne. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Wasila.

Kowace mota da jagoranta, mai riƙe makirufo yana yi wa baƙi bayani. Na motar Am Shadli shi ne Si Munsif, wato Malam Munsif, dogo, mai ƙamshin turare, wanda ya karanta tarihi a jami'a, yana zuba Jamusanci kamar a can aka yanke masa cibi. Shekara goma sha tara suna tare a mota ɗaya. Da zarar baƙi sun zauna, Munsif zai nuna direba ya faɗi wani abu, mota ta kwashe da dariya.

“Me ka ce musu, Rediyo?” in ji Am Shadli. Haka yake kiransa.

“Cewa na yi tun zamanin Rumawa kake tuƙi. Duwatsun da za su gani a Kartaj ma kai ka kawo su.”

“Ka gaya musu kai ma tun lokacin kake surutu, ba ka huta ba.”

Duk ranar Talata, ranar babban jirgin Jamusawa, tare suke karya kumallo da lablabi, wani romon wake da burodi, a shagon gahawa na bakin ƙofar tasha, kwano ɗaya na yaji a tsakaninsu. Ranar da matar Shadli ta rasu, Munsif ne ya riƙe gaban makara har kabari, bai yarda an karɓe shi ba. Ranar ɗaurin auren Wasila shi ne shaida. Mu direbobi har kishinsu muke yi, domin yawancin jagorori ba sa zama teburi ɗaya da direba.

Sai watan Janairun da ƙasa ta rikice. Abin ya faro daga garuruwan kudu, muna ji a rediyo kamar labarin wata ƙasa, kafin mu farga ya iso gefen birni. Ranar Talata da sassafe jirgi ya shigo kamar kullum. Mai kamfaninmu, Si Ra'uf, ya tara mu a gaban motoci. Ya ce kyaftin ɗin jirgi ya tambaye shi ko lafiya za a iya sauke mutane, shi kuma ya ba shi tabbaci. Ba za a shiga cikin birni ba, Kartaj da Sidi Bu Sa'id kawai, a dawo kafin ƙarfe ɗaya.

Am Shadli ya ɗaga hannu. “Si Ra'uf, ƙanwata ta kira ni. An harbi wani mutumin unguwarmu jiya, yau bayan azahar za a binne shi. Hanyar Kram ba za ta biyu ba.”

“Kai direba ne ko ɗan jarida?” in ji Si Ra'uf. “Kafin azahar kun dawo. Ku tayar da motoci.”

Mu shida muka fita. Biyar daga cikinmu muka bar Sidi Bu Sa'id da sha biyu, muka ratsa Kram muna ganin shaguna suna rufewa, muka isa tasha lafiya. Mota ta ɗaya ce ba ta biyo mu ba. Munsif ya kai baƙinsa wani shagon darduma inda yake samun ɗan ihsani idan an yi ciniki. Am Shadli ya yi ta danna masa oda, ya aika masa da saƙo sau biyu, shi kuwa yana cewa minti biyar. Sai wajen ƙarfe biyu saura suka kamo hanya.

Suna shiga Kram suka tarar da masu jana'iza sun yi kiciɓis da 'yan sanda. Tayoyi na ci da wuta a tsakiyar titi, ana jifa, ana harba barkonon tsohuwa. Am Shadli ya duba madubi don ya ja da baya, sai ya ga motar 'yan sanda ta gitta ta rufe titin a bayansa. Dutse ya sami gilashin baya ya tsaga shi. Hayaƙi ya fara shigowa. Mutum arba'in da uku ne a motar, mafi ƙanƙantarsu ya haura sittin. Wasu na tari, wata tsohuwa na kiran sunan mijinta alhali yana zaune kusa da ita.

Munsif ya kira Si Ra'uf, waya ba ta shiga ba. Ya sake kira. Da aka ji ƙarar harbi kusa, sai ya saki makirufo ya durƙushe a kan matakalar mota, ya rufe kansa da hannu biyu. Wannan ban ji shi a lokacin ba, sai bayan shekaru.

“Am Shadli, ka yi duk abin da ka ga ya dace,” in ji shi. “Ka fitar da mu daga nan. Ina da 'ya'ya.”

Akwai wani lungu ta hannun dama, wanda Shadli ya yi wasa a cikinsa yana yaro. Ba a yi shi don babbar mota ba. Ya karya sitiyari ya shiga, madubin gefe ya daki bango ya faɗi, bai tsaya ba. Ya sha kwana sau biyu, ya tsaya a filin wani kafinta, daidai ƙofar gidan ƙanwarsa Naziha. Ya sauka ya buga ƙofa.

“Yaya! Wa ya mutu kuma?”

“Ba kowa. Buɗe ƙofar duka, baƙi na kawo.”

“Su nawa?”

“Arba'in da uku.”

“Ka haukace ne?” in ji Naziha, tana faɗa tana zare sakata.

Gidan ɗaki uku ne da tsakar gida mai bishiyar lemo. Kafin minti goma maƙwabta sun kawo kujeru da tabarmi. Aka yanka albasa da lemon tsami ana ba su suna shaƙa saboda hayaƙin. Naziha ta dafa babbar tukunyar kuskus da niyyar kaiwa gidan makoki, sai ta juye ta a faranti ta rarraba wa baƙi, ta ce mamacin ma da yana da rai haka zai ce a yi. Wani tsoho numfashinsa ya sarƙe, aka kira wata ma'aikaciyar jinya da ke lungun ta zauna da shi har ya dawo daidai. Banɗaki ɗaya ne a gidan, Jamusawa suka yi masa layi tsaf, abin da matan unguwar suke ba da labarinsa har yau suna dariya.

Wasu masu zanga-zanga suka zo suna son motar, su tare titi da ita. Am Shadli ya zauna a kan bambar gaba ya naɗe hannu.

“Ni ɗan unguwar nan ne, kun san ni kun san ubana. A cikin gidan can akwai tsofaffi arba'in da uku, amana ce a hannuna. Wanda yake son motar nan ya fara ɗaga ni.”

Suka dube shi, suka dubi juna, suka wuce. Biyu daga cikinsu ma suka tsaya gadi a bakin lungun.

Shi kuwa Munsif, da ya sha shayi hankalinsa ya dawo, ya koma aikinsa. Yana fassara, yana ba da dariya, yana gaya wa baƙi cewa wannan ziyarar ba a cikin takarda take ba, kyauta ce. Faranti biyu ya ci.

Bayan la'asar titi ya lafa. Mazan unguwa suka shiga gaban motar a ƙasa suna janye duwatsu da ragowar tayoyi har bakin gada. Ina tsaye a ƙofar tasha lokacin da ta iso, gilashi a tsage, madubi ɗaya babu. Jirgi ya yi sa'a ɗaya da rabi yana jira, yana ta busa ƙaho. Baƙin suka sauko ɗaya bayan ɗaya, Am Shadli na tsaye a gindin matakala yana ce wa kowa “a hankali”. Mata suka rungume shi, shi kuwa kunya ta kama shi ya rasa inda zai sa hannunsa. Sai Munsif ya kama kansa a gabanmu duka ya sumbace shi a goshi.

“Ku shaida,” in ji shi, “mutumin nan ya ceci raina yau.”

Juma'ar wannan makon gwamnati ta faɗi. Muka yi kwanaki ba aiki, kowa na gadin unguwarsa. Bayan mako biyu aka ce kamfanin jirgin ya turo mutum biyu su binciki abin da ya faru. Aka kira Am Shadli da Munsif ofishin Si Ra'uf, ni kuma na shiga a matsayin wakilin direbobi. Am Shadli ya sa kwat ɗin da ya sa ranar auren 'yarsa. A hanya yake ce mini idan kyauta za su ba shi, Naziha zai miƙa wa, ita ta yi wahala.

Baƙin biyu suna zaune da takardu, da wata budurwa mai fassara. Munsif aka fara tambaya. Ya yi magana da Jamusanci, doguwa, a natse, yana nuna Am Shadli da hannu lokaci lokaci. Duk sanda ya nuna shi, Am Shadli sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, irin na mutumin da ake yabo a gabansa. Har yau idan na tuna wannan murmushin sai abinci ya fita raina.

Da ya gama, mai fassara ta juyo gare mu. Ba ta kalli kowa ba.

“Ya ce direba ne ya jawo jinkirin tasowa, ya tafi wani wuri aka yi ta nemansa. Ya ce a Kram mutane kaɗan ne a gefen titi, hanya a buɗe take. Ya ce ya umarci direba ya miƙe zuwa tasha, direba ya ƙi, ya ce sai ya je ya duba ƙanwarsa. Ya ce gilashin a cikin lungu ya fashe.”

Murmushin bai bar fuskar Am Shadli nan take ba. Ya ɗan karkato da kunne.

“Sake faɗa, 'yata. Ban ji da kyau ba.”

Ta sake faɗa, kalma bayan kalma.

Ya juya ya dubi abokinsa. “Munsif. Faɗa mini da Larabci.”

Munsif yana kallon taga.

“Rediyo, da kai nake. Shekara goma sha tara kana magana a kunnena. Faɗa da bakin da zan ji.”

Bai juyo ba. Ni na miƙe na ce ƙarya ne, na ce kowa ya ga hayaƙin Kram daga tasha, na ce a gabanmu Munsif ya sumbaci goshin mutumin nan. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaya ta bakin mai fassara ko ina cikin motar a ranar. Na ce a'a. Ya rubuta wani abu ya ce in zauna. Na ce to a tambayi fasinjojin. Aka ce sun koma gidajensu, kuma kamfani ba ya son ya sake tayar musu da hankali. Da aka ba Am Shadli dama, ya faɗi abin da ya faru cikin jimla biyar ko shida, muryarsa ƙasa ƙasa. Bai ambaci shagon darduma ba. Bai ce komai a kan matakala ba. Aka ce ya ajiye katinsa a kan tebur, ya ajiye.

A baranda Si Ra'uf ya tare mu, ya dafa kafaɗar Am Shadli.

“Ka fahimce ni, Am Shadli. Idan muka ce hanya ce ba ta da tsaro, sun soke tashar nan gaba ɗaya. Idan muka ce direba ne, sai a canza direba. Gida nawa ke ci daga jiragen nan? Ka yi haƙuri wata uku, ƙura ta lafa, in mayar da kai motarka da hannuna.”

“Da ka tambaye ni,” in ji Am Shadli. “Wataƙila da na yarda.”

Ya sauke hannun daga kafaɗarsa ya sauka. Na ɗauko masa hularsa na bi shi har tashar jirgin ƙasa. Da jirgin ya zo ya shiga, sai na ga ya manta hularsa a hannuna.

Kwana takwas bayan haka wasiƙa ta zo. Kamfanin jirgin ya soke zuwa Halƙul Wadi har ƙarshen shekara, saboda tsaron fasinjoji. Sauran kamfanoni suka bi sahu cikin wata guda. Ko yaro ya san dalili, ƙasa ce ba ta zauna ba, kuma da Am Shadli da babu shi za su soke. Amma a cikin wasiƙar akwai layi ɗaya da ya ce an taɓa kai fasinjoji wani gida da ba a sani ba, ba da izini ba. Wani a ofis ya fassara wannan layin, kafin yamma ya zaga gari.

Tasha ta mutu. Masu tasi suka yi layi ba mai shiga. Makaɗan da ke tarbar baƙi da ganga da algaita suka koma jiran bukukuwan aure. Masu sayar da kejin tsuntsu da faranti na ado suka rufe rumfuna. Mai raƙuman da ake ɗaukar hoto da su ya sayar da biyu ga mahauta. Mutum idan yana jin yunwa ba ya iya fushi da kamfanin da ke ƙetaren teku, sai ya nemi wanda yake gani. Am Shadli suke gani.

Ranar da ya shigo shagon gahawa, wani mai tasi ya ɗaga murya. “Ku gyara, ga wanda ya kori jirage. Yau gidan wa za ka kai mu?”

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ya sha gahawarsa a tsaye ya fita, bai sake shigowa ba. Mutanen Kram sun san gaskiya, su suka janye duwatsun, amma Kram ba ta da murya a tasha. Ni ma, in faɗi gaskiya, na rage zuwa wurinsa. Ina da iyali, ina jiran ranar da Si Ra'uf zai sake kiran direbobi, ban so a riƙa ganina da shi ba. Ba na alfahari da wannan.

Naziha ce ba ta haƙura ba. Ta yafa mayafi ta tafi har gidan Munsif, ta tsaya a ƙofa da rana tsaka.

“Fito, Si Munsif! Fito ka gaya mini hanya a buɗe take! Faranti biyu ka ci a gidana, da hannuna na ƙara maka nama! Fito ka kalle ni!”

Matarsa ta leƙo ta taga ta ce ba ya nan. Naziha ta ce takalmansa ga su a bakin ƙofa. Ta yi kusan sa'a guda tana faɗa har muryarta ta dushe, bai fito ba. Da yayanta ya ji, faɗa ya yi mata, ya ce kada ta sake.

Ya sami aikin jan motar kifi daga garin Banzart zuwa babbar kasuwa. Mutumin da ba ya barin ƙura ta kwana a motarsa ya koma yana warin kifi har cikin gashin baki. Wata uku suka wuce, shekara ta wuce. Jirage suka fara dawowa ɗaya ɗaya. Si Ra'uf ya kira mu duka ban da shi, shi kuma bai je ya tambaya ba. Munsif aka naɗa shugaban jagorori. Shi yake tara direbobi farkon kowace kaka yana karanta mana sababbin dokoki, na farkonsu kada direba ya kauce wa hanyar da aka rubuta ko me ya faru. Idan ya zo wannan layin sai ya yi sauri ya wuce.

Shekara uku bayan haka Munsif ya sami kujerar Hajji. Ya same ni a bayan motata, ya ce in raka shi wurin Am Shadli, ba zai iya zuwa shi kaɗai ba. Muka je da yamma. Mun tarar da shi a ƙofar gida yana wanke akwatunan kifi. Ya kawo mana kujeru, ya sa aka kawo shayi, shi ya zauna a kan akwati.

Munsif ya daɗe yana juya kofi a hannu. “Am Shadli, Lahadi zan tashi. Ba na son in tsaya a gaban Ɗakin Allah da wannan a wuyana. Ka yafe mini.”

“Me zan yafe?”

“Ka sani.”

“Na sani. So nake in ji.”

Sai ya faɗa. Ya ce Si Ra'uf ya kira shi kwana ɗaya kafin zaman, ya ce ya san labarin shagon darduma, kuma kati ɗaya za a ajiye a tebur, ko nasa ko na direba. Ya ce ya yi tunanin wata uku ne kawai. Ya ce tsoro ya ji.

“Tsoro ba laifi ba ne,” in ji Am Shadli. “Na ga tsoronka a mota, lokacin da ka durƙusa a matakala ka ce in yi abin da na ga ya dace. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko a ofishin can, da suka ba ni dama, na dube ka na ce wannan mutumin ya ɗauki gawar matata, ba zan tona shi a gaban baƙi ba. Ina rufa maka asiri kana tsaye a kan wuyana.”

Munsif ya fara kuka. Am Shadli ya bar shi ya yi.

“Ba a ɗaki ka ɓata ni ba, Munsif, saboda haka ba a ɗaki za ka gyara ba. Jibi Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci ka zo shagon gahawa na bakin tasha, lokacin da kowa yake nan. Ka faɗi abin da ka faɗa yanzu, da Larabci. Ba na son katina, na tsufa. Ka faɗa kawai, in yafe maka a wurin, in raka ka filin jirgi da kaina.”

“Wallahi zan zo,” in ji Munsif. Ya kama hannunsa da hannu biyu.

Ranar Juma'a Am Shadli ya yi aski, ya sa farar jabba. Karon farko cikin shekara uku ya shiga shagon ya zauna a teburin tsakiya. Mutane suna kallonsa suna raɗa. Na zauna kusa da shi. Ya sa aka kawo gahawa uku. Ƙarfe biyu ta yi, uku ta yi. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai. Na kira wayar Munsif, tana kashe. Da aka kira la'asar mutane suka fara tashi, sai na ji ba zan iya ba. Na miƙe na buga tebur, na faɗi komai, shagon darduma da matakala da abin da Si Ra'uf ya ce a baranda da abin da na ji da kunnena shekaranjiya. An saurare ni irin sauraron da ake yi wa abokin mutum. Wasu suka gyaɗa kai. Mai tasin nan ya ce, “To, Allah ya fi mu sani,” ya ɗauki makullinsa.

Am Shadli ya ja ni ta gefen riga. “Zauna, Zubair. Na gode. Amma ba bakinka nake jira ba.”

Munsif ya tashi ranar Lahadi. Da ya dawo ya aiko da ruwan zamzam da dabino da dardumar salla. Am Shadli ya sha ruwan, ya ce ruwan ba shi da laifi. Dabinon da dardumar ya ba ɗan aiken ya mayar.

Shekarar da ta biyo baya wani tashin hankalin ya sake korar jirage, wannan karon na dogon lokaci, kuma ba a sami direban da za a ɗora wa ba. Kamfanin Si Ra'uf ya rufe. Munsif ya koma koyar da Jamusanci a wata makaranta, ana kiransa Alhaji, ana girmama shi. Ni na koma jan motar ma'aikatan wata masaƙa.

Am Shadli ya bar tuƙi da gwiwoyinsa suka gaza. Yana zaune a garin Radis wurin Wasila da jikokinsa huɗu. Ina zuwa gaishe shi duk wata, mu yi hirar tsadar kifi da ciwon ƙafa. Sau ɗaya na yi kuskuren ambaton Munsif, na ce an ce ba shi da lafiya.

“Allah ya ba shi lafiya,” in ji shi. Ya kira jikarsa ta ƙaro mana shayi, ya tambaye ni ko an gyara titin gaban gidana.